Taswirar da Na Ba Auta

Litinin, 3 ga wata, shida da rabi na safe

Yau za mu shiga daji. Shekara goma sha biyu ke nan ana kirana malamar gandun daji ba tare da na taka gandun ba. Tun da masu bindiga suka kafa sansani a ciki, aikina ya koma jera fayil da ban ruwan 'yan tsirrai a bayan ofis. Wata biyar da sa hannu a takardar sulhu, sai shekaranjiya masu kwance nakiya suka ce hanya ta buɗu.

Na fito da takalmin daji, ɓera ya ci bakin ɗaya. Igiyar awo kuwa tana nan lafiya lau. Inna ta ce in rage rawar jiki, wai ko ranar aurena ba ta ga ina zumuɗi haka ba.

Auta bai tashi ba. Ƙofar ɗakin marigayi Baba, inda yake kwana tun da ya dawo, a rufe take. Na so in ce masa yau zan je in ga inda ya zauna duk shekarun nan, sai na fasa. Ba ma maganar can a gidan nan. Ƙanena ne, ya bi masu bindigar yana ɗan shekara sha tara, ya dawo da furfura a gemu. Ya miƙa bindigarsa a filin ƙwallo gaban jama'a, aka ba shi takardar afuwa. Iyakar abin da muke faɗa ke nan.

Oga yakan ce yaƙi ya fi mu iya gadi. Da gaskiyarsa. Su Auta sun hana kowa sarar ko reshe, saboda ganyen ne ke ɓoye su daga jirgi. Don haka itatuwana suna can, sai dai ƙiba da suka ƙara. Guda ɗari huɗu da sittin na buga wa lambar ƙarfe da hannuna, a filaye goma sha biyar, bakwai wannan gefen kogi, takwas a tsallake. Ina so in ga ko igiyar za ta iya zagaye su yanzu.

Litinin, biyar na yamma

Mun dawo.

Litinin, bakwai na yamma

Bari in rubuta, ko na yarda da idona.

Tun daga hanya na fara jin wani iri. A da, mota ɗaya ce ke bi da ƙyar, rassa na dukan gilashi. Yau manyan motoci biyu za su wuce juna ba wanda ya kauce. Direba ya ce wataƙila masu kwance nakiya ne suka faɗaɗa ta. Na ce wataƙila.

Fili na ɗaya yana bayan wani dutse mai kama da tukunya a kife. Na ga dutsen. Na sauka na zagaya shi, sai rana ta buge ni a ka. Wurin nan rana ba ta taɓa sauka ƙasa ba, ko da tsakar rana sai ka ƙura ido kafin ka karanta lamba. Na ɗauka ɓata muka yi. Na koma na sake zagaya dutsen.

Kututtura ne. Sababbi, jajaye, wasu har yanzu suna tsatsar ruwa. Garin katako ya rufe ƙasa, yana warin fetur. Ba kukan tsuntsu ko ɗaya.

Direba ya cire hularsa ya riƙe a hannu. Ya ce, "Malama, ko mu juya?"

Ban juya ba. Mun bi fili na biyu, na uku, har na bakwai. Ba share wurin aka yi gaba ɗaya ba. Zaɓa aka yi. Manyan aka ɗauke, tsofaffin, ƙananan kuma suka mutu a ƙarƙashinsu da suka faɗi. Sawun katafila ya tashi daga wannan babba zuwa wancan babba, ba lalube, ba kwana-kwana. Daidai yadda ni zan bi.

A fili na biyar na tsinci kaina durƙushe ina auna kututturen lamba hamsin da takwas. Har na rubuta awon a littafi. Direba ya riƙe min bakin igiyar.

Kogi ne ya tsayar da mu. Gadar da aka fasa a shekara ta uku ta yaƙi ana kan sake gina ta, da allo babba a gefe: Aikin Zaman Lafiya.

Talata, 4 ga wata, tara na safe

Ban je ofis ba. Na ce wa Inna kaina ke ciwo.

Laraba, 5 ga wata, biyu na rana

Mai Kwamfuta, abokin aikina, ya jawo min kujera ya buɗe hotunan da tauraron ɗan'adam ke ɗauka. Ya ce in duba da kyau. Shekara ta ɗaya ta yaƙi, kore. Ta biyar, kore. Ta goma sha biyu, kore shar, har ya fi na farko duhu. Sai ya danna watan da aka sa hannu. Wani siririn layi ya fito. Wata na gaba layin ya yi 'ya'ya. Na watan jiya kamar an ja mataji a kan kai mai gashi.

Ya ce, "Abin da harsashi bai yi ba a shekara sha biyu, biro ya yi a wata biyar." Ya so in yi dariya. Da ya kalli fuskata sai ya rufe hoton.

Oga ya kira ni ofishinsa, ya ce in rufe ƙofa. Fankar sama tana ta ƙara. Ya ce wanda ya yi aikin nan da taswira ya yi shi, ba da ido ba. Ya ce a iya saninsa taswirar filayen guda uku ce. Ɗaya ta ƙone tare da tsohon ofis. Ya buɗe kabad ya nuna min ta biyu, naɗe da zarenta.

"Ta ukun fa, Malama?"

"Tana gida, ranka ya daɗe."

"Madalla. Ki zo da ita in kin samu hali."

Na fito na ba 'yan tsirrai ruwa.

Alhamis, 6 ga wata, shida na yamma

Na buɗe akwatin da nake ajiye ta. Na fito da komai ɗaya bayan ɗaya, takardun makaranta, hoton marigayi mijina, zannuwan da ban taɓa ɗaurawa ba. Na kakkaɓe kowanne. Na mayar na rufe.

Ban san wa nake yi wa wannan wasan ba. Ni kaɗai ce a ɗakin.

Asabar, 8 ga wata, sha ɗaya na safe

Inna tana wanki a tsakar gida. Ta ƙi yarda kowa ya taɓa kayan Auta, ta ce shekara sha biyu ba ta wanke masa ko hula ba, sai ta rama. Ta juya naɗin ƙafar wandonsa, wani abu ja ya zubo a ruwan. Ta ce, "Ƙasar gonar tasu ja ce, kin gani?"

Na gani. Ƙasa ba ta yawo a kan ruwa, sai garin katako.

Ya gaya mata ƙungiyar waɗanda suka ajiye makamai ta ba su aikin noma. Yakan fita da sassafe, ya dawo la'asar, ya yi wanka, ya zauna kusa da ita yana gyara mata rediyo ko ƙafar kujera. Ya canza mata kwanon ɗaki, ba ya yoyo yanzu. Inna ta yi ƙiba. Jiya na ji tana waƙa a kicin, abin da rabona da ji tun Baba na da rai.

Oga ya sake tambaya jiya. Na ce tana gida.

Lahadi, 9 ga wata, huɗu na yamma

Ba ta gida.

Wata na biyu da dawowarsa ne. Ya shigo ɗakina ya tsaya a bakin ƙofa kamar baƙo. Ya ce, "Yaya, masu kwance nakiya suna neman wanda ya san tsofaffin hanyoyi. Na san inda muka binne su, amma ban iya kwatance a takarda ba. Kina da taswira?"

Ranar ce karo na farko da ya roƙe ni wani abu tun yana yaro. Na shimfiɗa ta a kan gado. Na nuna masa hanyoyi, da rafuka, da duwatsu. Iyakar abin da ya tambaya ke nan. Ni ce na ƙara. Na ce, ka ga waɗannan jajayen da'irori? Su ne manyan, wasu sun girmi kakan kakanmu. Na gaya masa wanne ne maɗaci, wanne ya fi tsayi, wanne ne ba shi da rami a ciki. Ina ta zuba kamar mai nuna hoton 'ya'yanta. Ya saurara, yana gyaɗa kai.

Kuma an kwance nakiyoyin. Wannan gaskiya ne. Guda saba'in da wani abu aka tono, rediyo ta faɗa. Ina ta maimaita wa kaina wannan tun safe.

Talata, 11 ga wata, shida na yamma

Mun koma, ni da Direba, don in ƙirga ɓarnar da kyau. Yau hayaƙi muka tarar. Bayan masu inji sun ɗauke manya, wasu suna shigowa su cinna wa saura wuta.

A fili na uku na ga bukkoki na leda da kara. Wata tsohuwa tana tura iri a toka da sanda, tokar ma ba ta gama hucewa ba. Na gaishe ta. Na ce, "Iya, kin san nan gandun gwamnati ne?"

Ta ɗago ta dube ni daga takalmi har ɗankwali. Ta ce, "'Yata, shekara sha biyu ina sansanin gudun hijira ina bin layi da kwano. Da aka yi sulhu aka ce kowa ya koma gida. Na koma na tarar da waya zagaye da gonata, da shanun wani a ciki. Aka ce za a ba mu wata. Ke ce kika kawo?"

Na ce a'a.

"To matsa, kin taka min layi."

Na matsa.

Can gaba muna jin kukan injin yanka. Direba ya ce ba zai ƙarasa ba, yana da 'ya'ya. Ban matsa masa ba. Na ji daɗi ma da ya ƙi. Ban so in ga wanda ke wurin.

Laraba, 12 ga wata, uku na rana

Oga ya tafi da ni wurin sakataren kwamitin sulhu. Ofis mai sanyi, da hoton ranar sa hannu a bango, kowa na murmushi. A layin gaba na hoton akwai Mai Motoci. Duk garin nan an san lokacin yaƙi shi ke sayar wa ɓangarorin biyu mai. Yanzu motocinsa ne ke fitowa daga daji, a lulluɓe da tamfol.

Na ajiye lissafina. Cikin manya ɗari biyu da goma na wannan gefen kogi, saura talatin da ɗaya.

Sakataren mutumin kirki ne, ba zan ci haƙƙinsa ba. 'Ya'yansa biyu yaƙin ya ci. Ya karanta har ƙarshe, ya cire tabarau, ya murza ido.

"Malama, na ji zafinki. Amma kin san sharaɗin afuwar? Duk wanda aka kama da laifi cikin shekara biyu, afuwarsa ta warware, sai kurkuku. Masu yi wa Mai Motoci aikin nan mutum ɗari uku ne, duk daga daji suka fito. An yi musu alkawarin gona da sana'a, har yau tabarma da takarda kawai suka gani. In na kama ɗaya, sauran ina kike jin za su nufa?"



"Itace yana sake tsirowa," in ji shi.

Na ce irin waɗannan sai bayan shekara ɗari uku. Ya ce nasa ko bayan dubu ba za su tsiro ba.

A mota Oga ya ce duk da haka in rubuta rahoto, kuma in rubuta yadda masu saran suka san wurin. Bai kalle ni ba da yake faɗa.

Gada saura sati uku a gama.

Juma'a, 14 ga wata, sha biyu na rana

A rahoton, inda ake bayanin yadda masu saran suka san wurin, na rubuta sunana. Na bar layin da ke ƙasa fari. Na ba 'yan tsirrai ruwa har sau biyu, Mai Kwamfuta ya leƙo ta taga ya ce ko shinkafa nake shirin shukawa.

Asabar, 15 ga wata, biyar da rabi na yamma

Inna ta je dubiyar maƙwabciya. Na same shi a bakin famfo yana wanke takalmi.

"Auta, ina taswirata?"

"Tana wurin aiki."

"Wane aikin?"

Ya ci gaba da goge takalmin. Can ya ce, "Tunda kin je kin gani, me ya sa kike tambaya?"

Na zaci zai musa. Na shirya wa musu, ban shirya wa wannan ba. Na zauna a kan bokiti.

Ya ce da farko da gaske don nakiya ya karɓa. Da aka gama, aka sallame su da godiya. Ya yi wata guda yana zuwa ofishin kwamiti yana zama a benci. Sai yaran Mai Motoci suka zo suka ce sun ji yana da takarda mai jajayen da'irori.

"Ban taɓa riƙe injin ba, Yaya. Nunawa kawai nake yi."

"Nunawa kawai."

"Shekara sha biyu wa ya tsare miki dajin? Ke da kike ofis? Ni ne. Na taɓa ɗaure mutum yini guda a rana saboda ya sare sanda ɗaya zai yi ƙotar fartanya. Yanzu an ce an yi sulhu. Na fito, ban iya komai ba sai daji. In zauna Inna ta ciyar da ni?"

Na ce ko lamba ɗari da sha biyu bai bari ba, wadda na ce masa ita ce uwarsu duka. Nan ne ya ajiye takalmin. Ya ce wannan shi da kansa ya ce a fara da ita.

"Akwai abin da aka yi a gindinta. Ina wurin. Ba na so ta ci gaba da tsayuwa."

Ban tambaye shi mene ne ba. Da ma na tambaya. Maimakon haka na faɗa masa wata magana. Ba zan rubuta ta ba.

Ya dube ni kamar yadda yake dubana yana ƙarami in na mare shi, kafin kukan ya zo. Kukan bai zo ba. Ya ɗauki takalminsa ya jingina a bango ya shiga ɗaki.

Lahadi, 16 ga wata, takwas na safe

Ya ci abinci tare da mu. Ya yi wa Inna ba'a a kan haƙorinta. Ni bai kalle ni ba.

Litinin, 17 ga wata, bakwai na safe

Ɗakin Baba a buɗe. Ya naɗe tabarma, ya share ƙasa. Taswirata tana kan gado, da dutse a kai don kada iska ta ɗauka. Takardar afuwarsa tana ƙarƙashinta.

Inna ta ce ai sammako ya yi zuwa gona.

Talata, 18 ga wata, shida na yamma

Bai dawo ba. Ta ajiye masa abinci a rufe, yau kwano na uku.

Laraba, 19 ga wata, ɗaya na rana

Rediyo ta faɗa. Tun shekaranjiya wasu mutum goma sha huɗu ɗauke da makamai sun tsallaka kogi, sun kori ma'aikatan gada, sun ƙone katafila ɗaya ta Mai Motoci. Ba a kashe kowa ba. Sun ce ba mai inji da zai tsallaka. Ashe ba duk bindigogin aka miƙa a filin ƙwallo ba.

Kafin azahar an rufe makarantu. Ta tagar ofis ina kallon iyaye suna gudu da yara a hannu, wasu ba takalmi. Mai shagon kusa da mu ya ja ƙofar ƙarfensa, irin ƙarar da na manta da ita. Motocin sojoji huɗu suka wuce.

Da na koma gida na tarar Inna ta kashe rediyon ta juya fuskarsa bango.

Asabar, 22 ga wata, goma na safe

Mutane suna ɗaure kaya. Maƙwabciyar da Inna ta je dubawa an ɗauke ta a amalanke, ba ta ma iya zama ba.

Inna tana bakin ƙofa tun asuba. Ba ta waƙa.

Litinin, 24 ga wata, sha ɗaya na safe

Mai Kwamfuta ya kira ni da murya ƙasa-ƙasa, ya buɗe sabon hoto. Ba sabon layi ko ɗaya. Har wannan gefen kogin an daina, masu inji duk sun gudu, motocin Mai Motoci suna jere a gareji.

Ya ce, "Sati guda cur, Malama. Tun da aka sa hannu ba a taɓa yi ba."

Abin da ya fi tsorata ni shi ne na ji sanyi a raina. Na daƙiƙa ɗaya ne, amma na ji. Na tashi na bar wurin.

Na kai wa Oga rahoton. Ya karanta sunana, ya kalli farin layin, ya buɗe durowa ya saka. Ya ce, "Bari ya huta a nan tukuna."

Talata, 25 ga wata, bakwai na yamma

Ina tsince shinkafa Inna ta zo ta zauna gabana. Ta rame cikin kwana takwas, zanin har yana zamewa.

"Ranar da na je dubiya, kun yi magana."

Na ce e.

"Me kika ce masa?"

Na ce maganar aiki ce.

"Ni na haife ku duka. Me kika ce masa?"

Na ce, "Cewa na yi gara lokacin da yake daji."

Ga shi na rubuta.

Ba ta zage ni ba. Ba ta yi kuka ba. Ta jawo tiren ta ci gaba da tsintar daga inda na tsaya. Can ta ce, "Kin san tun yana goye abin da kika faɗa shi yake yi." Sai ta ce, "Ki je ki kwance abin da kika ɗaura."

Laraba, 26 ga wata, huɗu na yamma

Na je wurin sakatare na gaya masa komai, taswira da duk abin da ya biyo baya. Ya ce ya daɗe da sanin shugaban sha huɗun ƙanena ne. Sojoji sun ba da wa'adi zuwa Asabar. In suka fito kafin nan, za a rubuta cewa ba abin da ya faru, afuwarsu tana nan. In ba su fito ba, za a shiga, kuma sauran ɗari ukun ba za su zauna suna kallo ba.

Ya ce in gaya masa kwamiti zai dakatar da sara har a yi bincike. Na ce da gaske? Ya ce da gaske zai nema.

Gobe da safe za mu je.

Alhamis, 27 ga wata, biyar na yamma

Sojoji sun tsaya nesa, wajen dutsen fili na ɗaya. Daga ni sai sakatare muka ƙarasa bakin kogi. Ya yi kira da lasifika sau uku, ba amsa. Na ce ya ba ni wuri. Na hau gadar. Rabinta an zuba siminti, sauran katakai ne a jere, ruwa yana gudu ja a ƙasa. Na tafi har inda katakan suka ƙare, na kira shi da baki, yadda nake kiransa cin abinci.

Ya fito. Bindiga a kafaɗa, takalman da ya wanke a ƙafa. Tsakaninmu bai fi taku goma na ruwa ba.

Sai a lokacin na ɗaga ido na ga abin da ke bayansa. Itatuwana, shekara sha biyu rabona da su. Suna tsaye, duhu, kansu ya haɗe har ba ka ganin sama. Tsuntsaye na ta surutu. Iska mai sanyi tana fitowa daga ciki tana taɓa min fuska. Na manta haka yake.

"Inna ce ta aiko ki?"

"Ta aiko ni. Ko ba ta aiko ba zan zo."

"Kwana goma ba a sare ko ɗaya ba, Yaya."

"Na sani."

"Ai abin da kika ce ke nan."

Na ce na san abin da na ce, bakina ne ya yi, ya yafe min. Na gaya masa wa'adin Asabar. Na gaya masa an rufe makarantu, mutane suna gudu, Inna ba ta cin abinci. Na ce sakatare ya yi alkawarin za a dakatar da sara.

Ya yi 'yar dariya. "Ba shi nake tambaya ba. Ke ce mai awo. In muka fito, aka gama gadar nan, kwana nawa za su yi?" Ya nuna bayansa da haɓa.

Na so in yi masa ƙarya. Na ce, "Wata biyu. In ruwa ya yi yawa, uku."

"To?"

Na sake kallonsu. Ina iya hango lambar ƙarfe a jikin na farko, tana ƙyalli, ɓawon ya kusa haɗiye ta.

Na ce, "Ka dawo gida, Auta."

Ya daɗe yana kallona. Ya ce zai yi magana da mutanensa. Ya juya ya shige, ganye ya rufe shi.

Da na sauko sakatare ya tambaye ni me ya ce. Na kama hanya kawai. Ya riƙe min jaka har mota.

Juma'a, 28 ga wata, sha biyu na rana

Shiru.

Asabar, 29 ga wata, shida na yamma

Sun fito, su goma sha huɗu, da hantsi. Wannan karon ba filin ƙwallo, ba jama'a. A bayan wata motar soja aka karɓi bindigogin.

Da ya shigo gida Inna ba ta tashi ba. Ta ce ya zo. Ya durƙusa, ta kama kunnensa ta murɗe da ƙarfi kamar ɗan shekara biyar, sannan ta rungume kansa. Ni na shiga kicin na tsaya ina kallon tukunya.

Litinin, 7 ga sabon wata, biyu na rana

An buɗe makarantu. An dawo da maƙwabciya. An gama gada ranar Alhamis, har da yanka kirtani da tafi.

Dakatarwar tana nan, in ji sakatare. Ya ce ya kai maganar gona gaba. Ya rame shi ma.

Auta ba ya fita. Ya ce wa yaran Mai Motoci ba ya yi, suka ce ba komai, sun riga sun kwafi takardar tun tuni.

Juma'a, 11 ga wata, biyar na yamma

Dakatarwar kwana goma sha biyu ta yi.

Ɗazu muna zaune a ƙofar gida, ni da shi, sai ƙasa ta fara rawa. Babbar mota ce ta shigo layinmu a hankali, ko tamfol ba su saka ba. Gungume ɗaya ne tak a kanta, ya cika ta daga kai har gindi, an ɗaure shi da sarƙa. Laka ja ta tsallaken kogi tana zuba daga tayoyin. Mutane suka fito suna kallo, wani yana cewa bai taɓa sanin akwai itace irin wannan a duniya ba.

Muka bi ta da kallo har ta sha kwana. Hannunsa yana kan gwiwarsa. Na ɗora nawa a kai, na danne.

Ya ce, "Kin yi nadama?"

Na ce a'a. Na duba cikina da kyau kafin in faɗa, kuma gaskiya ce. Amma ban iya tashi ba.

Wata motar tana tafe a baya, muna jin ta tun daga nesa. Inna ta leƙo ta ce abinci yana hucewa, wai mu manya da mu muna zaune muna kallon mota.